Malama ta kashe wa 'yata "began the car": mene ne bambancin begin, start da commence?

Abban_Ikram:
Salamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu Turanci a cikinmu. Jiya da daddare 'yata da ke aji biyu a ƙaramar sakandare ta kawo min littafin aikin gida tana ƙunƙuni. An ce su gina jimla da kalmar begin, ita kuwa ta rubuta "My father began the car and took us to school." Malamarsu ta ja jan biro a ƙarƙashin began, ta rubuta started a samansa, ta ba ta sifiri. Yarinya ta ɗauko ɗan ƙamus ɗin da na sayo mata a Sabon Gari ta buɗe min. Begin, fara. Start, fara. Commence, fara. Ta ce, "Abba, to ina laifina?" Wallahi shiru na yi. Kunnena ya san "began the car" ba ta zauna ba, amma dalilin ne ya gagare ni. Na ce mata malamar ce da gaskiya, ta je ta kwanta. Ba ta gamsu ba, ni ma ban gamsu ba. Wa zai fitar da ni kunya?

Bakanike_KofarRuwa:
Alhaji, ni makaranta a aji uku na tsaya, amma shekarata 19 a gareji ban taɓa jin wani ya ce min motarsa ta ƙi begin ba. Ko Inyamuri ko Bayarabe, "e no gree start" yake cewa.

Malam_Gwale:
Wa alaikumus salam. Abban Ikram, amsar tana cikin Hausar da kuke yi a gida, ba sai ka je nesa ba. Ka tambaye ta, da safe in za ku fita, cewa take yi "Abba ya fara mota"? A'a. Cewa take yi "Abba ya tayar da mota." To shi ke nan. Ƙamus ɗin bai yi ƙarya ba, gajarce zance ya yi. Begin tana nufin fara. Start tana nufin fara, kuma tana nufin tayar. Duk inda Bahaushe zai ce tayar da inji, tayar da janareto, tayar da babur, start ce kaɗai ke shiga. Inda kuwa fara ce zalla, kamar fara darasi ko fara karatu, kowacce ka ɗauka ta yi: "the lesson began at eight", "the lesson started at eight", duk ɗaya.

Hajjo_Fagge:
Kai, Allah ya saka da alheri Malam. Shekara nawa ina Turancin nan ban taɓa lura da wannan ba.

Dan_Adaidaita_07:
"Abba ya fara mota" ai da ma'ana a Hausa, wato ya shiga sana'ar haya 😂 Alhaji barka da shigowa layi, kuɗin tikiti kullum ne.

Sadiq_Hotoro:
Ni abin da aka koya mana a makaranta shi ne begin ta rubutu ce, start ta baka ce, commence ta manyan mutane. Iyakar bambancin ke nan. Sauran duk tsawaita zance ne.

Malam_Gwale:
Sadiq, da iyakarsa ke nan, da Ikram ta ci makinta, tunda a rubuce ta yi. Abin da aka koya maka gaskiya ne amma rabi. Ko a takardar da ta fi kowacce tsari, injiniya "start the engine" zai rubuta.

Ummu_Nahawu:
Bari in ɗora a kan bayanin Malam, don a BUK mun taɓa wannan a darasin tarihin harshen Ingilishi kuma ya tsaya min a rai. Asalin start ba fara take nufi ba. A tsohon Turanci ma'anarta zabura ce, mutum ya yi wuf ya tashi, ko dabba ta yi tsalle daga inda take kwance. Har yau burbushin wannan ma'ana yana nan: in aka ce "he woke with a start", ana nufin ya farka a firgice, kuma kalmar startle, wato razanar da mutum, daga tushe ɗaya suke. Ma'anar fara daga baya ta samu. Shi ya sa start take da motsi a jikinta: abu yana tsaye cik, sai ya yunƙura. Inji, tsere, tafiya. Ita kuwa begin tun a tsohon Turanci aikinta nuna farkon abu, ba ruwanta da zabura. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne mu ma hakan muka yi da tashi. Mutum ya tashi daga barci, mota ta tashi, gobara ta tashi, rigima ta tashi. Turawa ma "the fire started in the kitchen" suke cewa, "who started the fight?"

Alhaji_Kwari:
To kasuwanci fa? Ɗana ya cike wata takardar neman jari, aka tambaya yaushe aka kafa shagon, ya rubuta "my father began the business in 2004". Na bar shi haka aka tura.

Ummu_Nahawu:
Ranka ya daɗe, za a fahimta, ba kuskure ba ne irin na mota. Amma abin da aka saba shi ne "started the business", ko founded, ko established in ana son nauyi. Duk inda za mu ce kafa, wato samar da abin da da babu shi, start ta fi zama: kafa shago, kafa makaranta, kafa jarida.

Alhaji_Kwari:
Jarin dai bai zo ba. Yanzu na san wanda zan ɗora wa laifi.

Barista_Nomansland:
Tunda an gama da biyu, bari in kare tawa, don commence abincinmu ce. A kotu ba a start ɗin shari'a, ana commence ɗinta. "To commence an action" shi ne shigar da ƙara. Kowace doka ka buɗe za ka ga commencement, wato ranar da ta fara aiki, kuma ranar tana iya bambanta da ranar da aka sa mata hannu. Kundin tsarin mulkin da muke kai ranar 29 ga Mayu 1999 ya fara aiki. A kwangila ma commencement date ita ce ranar da ake fara lissafin wa'adi, kuma na ga mutane sun yi asarar kuɗi mai yawa saboda ba su karanta wannan layin ba.

Amma fa babbar riga ce. Babbar riga ta yi kyau ranar Juma'a ko ɗaurin aure, amma in ka saka ta ka tafi sayen ƙosai, yara za su bi ka da kallo. Ina da wani magatakarda, yaron kirki, da na kira shi wata rana ina nemansa da gaggawa ya turo min saƙo: "Sir, I have commenced my lunch." Shinkafa da wake ce a leda, a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Nahawunsa lafiya lau, ba wanda zai ja masa jan biro, amma har yau Commence ake kiransa a ofis.

Hajjo_Fagge:
😂😂 Barista ka tuna min wani mai gabatarwa a dinar 'yar ƙanwata. Ana ta jiran abinci tun takwas, sai wajen sha ɗaya ya ɗauki makirufo ya ce "we shall now commence the eating". Kafin ya rufe baki an riga an yi rabi.

Sadiq_Hotoro:
To ai abin da na faɗa ke nan, commence ta manya ce. Malam ya ce rabi na sani.

Ummu_Nahawu:
Wannan rabin naka daidai ne Sadiq, kuma yana da tarihi. A 1066 Normandawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Tsawon lokaci bayan nan Faransanci ne harshen fada da kotu, talakawa na Ingilishinsu. Commence daga Faransanci ta shigo, asalinta kuma Latin. Begin da start 'yan gida ne. Shi ya sa sau da yawa za ka ga kalma biyu ko uku a kan abu guda, ɗaya ta tsakar gida, ɗaya ta fada. Saniya tana kiwo cow ce, kalmar makiyayi, in ta iso teburin masu gida ta zama beef, kalmar Faransanci.

Liman_Karami:
Malama, wannan ai mu ma muna da shi da Larabci. Akuya mutuwa take yi. Mutum rasuwa yake yi. Babban malami kuwa sai a ce ya yi wafati. Abu ɗaya ne ya faru da dukkansu, amma ka ce akuyarka ta yi wafati ka ga yadda za a dube ka. Haka kafa da assasa.

Barista_Nomansland:
Allah ya gafarta Malam, ka gama magana. Magatakardana akuyarsa ce ta yi wafati.

Ma'aikaci_AuduBako:
Ku yi mana afuwa, mu a sakatariya komai commence ne. Tantance ma'aikata commence, biyan albashi commence, rabon taki commence. In ka rubuta start a takardar da za ta hau sama, oga zai dawo maka da ita ya ce Turancin bai nuna ba. Amma akwai wadda take damuna. Sabon ma'aikaci in ya zo ranar farko muna cewa "he has resumed duty". Wani ɗan bautar ƙasa ya ce min kuskure ne, na ce ya bari ya gama wanke kakinsa tukuna. Gaskiyarsa ce?

Malam_Gwale:
Gaskiyarsa ce, Yallabai, sai ka nemo shi ka ba shi haƙuri. Resume komawa ce kan abin da aka katse. Wanda ya dawo daga hutu shi ne ya yi resume. Wanda yau ya fara zuwa "assumed duty" ya yi, ko a sauƙaƙe "started work". Ɗalibai in sun koma bayan hutun Sallah resume ne, amma ɗan aji ɗaya da bai taɓa taka makarantar ba, me zai koma wa?

Ma'aikaci_AuduBako:
Ya gama ya tafi garinsu. Allah ya haɗa mu.

Yar_Jarida_Kn:
Ba wanda ya ambaci flag off, alhali ita ce sarauniyar kanun labarai a ƙasar nan. Gwamna ba ya begin, ba ya start, sai dai ya yi flag off: aikin titi, rigakafi, rabon kayan abinci, har yaƙin neman zaɓe. Mu a ɗakin labarai in za mu mayar Hausa, ƙaddamar muke cewa, haka ma launch. Asalinta daga tuta ce da ake kaɗawa a sallami masu tsere. Na taɓa tura labari ga wata edita Baturiya da flag off a ciki, ta dawo min da tambaya wai wace tuta aka cire.

Sadiq_Hotoro:
Wato gurɓataccen Turanci ne ke nan.

Yar_Jarida_Kn:
A'a fa. A watan Janairun 2020 babban ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Turancin Najeriya, flag-off tana ciki, okada tana ciki, har Kannywood tamu ta nan Kano. Turancinmu ne, an san da zamansa. Abin lura kawai shi ne wa kake rubuta wa.

Malam_Gwale:
Ni dai ɗalibaina masu zana WAEC da NECO ina ce musu su bar flag off wa 'yan jarida. Shigarta ƙamus ba ta nufin mai makin da takardarka ta faɗa hannunsa ya ji labari.

Yar_Jarida_Kn:
Malam, wannan kuma tsoro kake koya musu ba Turanci ba.

Malam_Gwale:
Hajiya, ranar da sakamako ya fito ni iyaye ke nema, ba Oxford ba.

SaiMasuGida_4:
Kick off fa? Mu a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba a commence. Alƙali ya busa, a take wasa. Yanzu kuma sai ka ji wai taron bita zai yi kick off, ba ƙwallo ba raga. Ku bar mana kalmarmu. Pillars kofin Firimiyar Najeriya huɗu, 2008, 2012, 2013, 2014.

Dan_Adaidaita_07:
Wa ya tambaye ka kofi?

Dalibi_Har_Yanzu:
Wadda ni na fi tsana ita ce embark. Duk ranar da ka ga "embark on" a jarida, ka haɗa kayanka ka bar hostal. Ranar 14 ga Fabrairu 2022 ASUU ta yi embark, ba mu koma aji ba sai bayan 14 ga Oktoba. Wata takwas ina Farm Centre ina liƙa wa wayoyi gilashi.

Ummu_Nahawu:
Asalinta hawa jirgin ruwa ne, shi ya sa ake amfani da ita ga abu mai tsawo wanda ba a san ranar sauka ba. Masu fassarar rediyo da suka ce "tsunduma yajin aiki" sun iya aikinsu, ruwan ma bai ɓace ba.

Maman_Twins:
Ku dawo kan yarinyar mutane don Allah. Ni a ganina malamar ba ta kyauta ba. Yarinya ta san began ce ta wuce, ba ta rubuta beginned ba kamar yadda nawa suke yi. Ai ko rabin maki a ba ta, sannan a rubuta mata dalili a gefe. Jan biro kawai ba koyarwa ba ne.

Anti_Malama:
Maman Twins, ki shigo ajina kwana ɗaya. Yara 74 ne, aji uku nake ɗauka, littafi sama da 200 a mako. In na tsaya rubuta wa kowa dalili, sai zango ya ƙare ban gama makin makon farko ba. Abin da nake yi shi ne in tattara kurakuran da suka yi yawa in yi bayaninsu a allo. Wataƙila ita ma ta yi, yarinya tana hira. Sifirin dai ni ma ba zan ba ta ba.

Kuma tunda an taɓo began, manya ma suna faɗawa ramin. Begin, began, begun. "The exam has begun" ne, ba "has began" ba. Na ga wannan a allon sanarwar makaranta da sa hannun shugaba. Shi ya sa wasu suke fakewa a started, ba ta canza kama.

Abban_Ikram:
Ina biye da ku, Allah ya saka. Anti Malama, ba ƙarar malamar na kawo ba, ni dai dalili nake nema. To akwai inda begin ce kaɗai ke shiga, start ba ta shiga? Don na san ita ce tambayar da za ta biyo baya.

Malam_Gwale:
Akwai, amma ba su kai na start yawa ba. Sabon shiga a kowace sana'a beginner ne. Starter kuwa wani abu ne daban, ko abin tayar da inji, ko ɗan abincin da ake fara kawowa a otal, ko ɗan wasan da aka fara da shi. A labari in mutum ya buɗe baki zai yi magana ana rubuta "he began". Sai maganganun da suka daskare a haka, kamar "I can't begin to thank you", wato ban ma san ta inda zan fara gode maka ba, da "charity begins at home".

Wani abu kuma da ya shafi dukkansu biyun. Kana iya cewa "it began to rain" ko "it began raining". Amma in kalmar da kanta ta ɗauki -ing, sai kalmar "to" ta biyo: "it is beginning to rain", ba "beginning raining" ba. Haka in abin a zuciya yake faruwa, kamar ganewa ko sani: "I began to understand".

Kaka_Dala:
Ku 'yan boko kun cika zauren da Turanci. Ni tambayata, fara da soma fa? Wanda ya san bambancinsu shi ne zan yarda ya iya harshe.

Hajjo_Fagge:
Baba ai ɗaya ne. Ruwa ya fara, ruwa ya soma.

Liman_Karami:
Ni a kunnena soma tana da ɗan taɓawa a ciki, abu bai kankama ba. Shi ya sa ake cewa somin taɓi. Ba a cewa farin taɓi.

Sadiq_Hotoro:
Soma Hausar tsofaffi ce kawai da ta littafi.

Kaka_Dala:
Yaro, kai komai a wajenka ko na tsofaffi ne ko na manya.

Ummu_Nahawu:
Baba ya taɓo wani abu mai amfani ga Ikram. Fara tana da aikin da soma ba ta cika yi ba, kuma begin da start ba sa yin sa sam. In na ce "wa ya fara zuwa?" ba ina tambayar wanda ya soma tahowa ba ne, ina tambayar wanda ya riga kowa. Turancinsa "who came first?" Haka "bari in fara cin abinci sannan mu tafi" shi ne "let me eat first". Na sha jin ɗalibai suna cewa "let me start eating before we go", Bature zai ɗauka loma biyu za ka yi ka miƙe. Wato ba start ce kaɗai ta fi ƙamus ɗin faɗi ba, ita ma fara ta fi shi.

Dalibi_Har_Yanzu:
Wallahi ni ne wannan. Jiya ma na faɗa.

Injiniya_Sharada:
Ƙarin bayani a kan na'ura. Ba kowane abu mai wuta ake start ba. Fitila, fanka, talabijin, rediyo, waɗannan switch on ko turn on ne, wato kunnawa. Start ta abin da inji ke juyawa a cikinsa ce, ko kwamfuta da take lodawa. A masaƙar da nake aiki in sabon yaro ya ce "start the light" dariya ake yi masa. Kuma tun Windows 95 akwai maɓallin Start a kwamfuta, wanda shi ake dannawa in za a kashe ta. Wannan kuma Ummu Nahawu sai ki fassara mana.

Ummu_Nahawu:
Wannan ya fi ƙarfin digirina, Injiniya.

Barista_Nomansland:
Irinsa ne commencement a Amurka, sunan bikin yaye ɗalibai ke nan a jami'o'insu, abin da mu muke kira convocation. Ranar gamawa ce ake kira farawa.

Maman_Twins:
Har yanzu dai ba wanda ya ce min me ya sa sifiri.

Abban_Ikram:
To jama'a, ga yadda aka kwashe. Da ta dawo daga Islamiyya na yi mata tambayar Malam Gwale, na ce "Ikram, da safe fara mota nake yi ko tayar da ita?" Ta yi shiru, sai ta yi dariya ta ce to me ya sa ƙamus ɗin bai faɗa ba. Na ce ta ɗauko biro ta ƙara masa da hannunta, ta rubuta "tayar" a gefen start. Bayanin 1066 kuwa ban kai ƙarshe ba ta fara hamma.

An ce su sake jimlar su kawo. Yau da safe motar ta ƙi tashi, sai da ni da maƙwabcina muka tura ta har bakin titin Dorayi, ita tana ciki tana kallonmu. Da yamma na duba littafin. Ta rubuta: "My father's car did not start, so he began to push it."

Anti_Malama:
Maki cikakke. Har da ƙarin ɗaya.

Kaka_Dala:
Ni dai ba a amsa min tawa ba.

Bakanike_KofarRuwa:
Alhaji in ka murɗa makulli tana yin ƙas-ƙas ne ko shiru take yi gaba ɗaya? In ƙas-ƙas ne batir ne, ka duba kan batirin ko ya yi gishiri. In shiru ne ka kawo ta gobe kafin azahar, bayan azahar ina Kwanar Dawaki.